Ranar da Tofol Ya Bar Ruwa Ya Wuce

Tofol Marzal bai koyi gudu don motsa jiki ba. Ruwa ne ya koya masa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron magudanar da ke shayar da gonakin Alfaret, kuma aikin ba na zama ba ne. In ya ɗaga katako a ƙofar ruwa ta sama, ruwa ya kama hanya, to dole ya riga shi isa ƙasa, ya duba kowace ƙofa, kada rabon wani ya shige gonar wani. Babur ba ya bin gefen magudana. Keke ma sai an saɓa shi a kafaɗa a wuri uku. Saura ƙafa. Ruwan ba shi da sauri, amma ba ya tsayawa ya huta, don haka mai binsa ma ya daina tsayawa.

Da ya yi ritaya ya koma noman ayarsa, ƙafafun ba su samu labari ba. Kullum da sassafe yakan ɗaure takalmi ya fita, siririn tsoho ɗan shekara sittin da huɗu, da hular da rana ta cinye launinta. Daga bayan coci har bakin teku babu tudun da ya kai gwiwa, sai gonaki manne da juna, albasa, kankana, latas, aya, da 'yan turbobin da suka ratsa tsakaninsu. Duk ya san su. Ya san wadda ke da kare, da wadda ke riƙe laima har hantsi, da wadda in aka bi ta a watan Mayu sai a dawo gida da warin taki. Ba ya ɗaura agogo. In an tambaye shi tsawon hanya sai ya ce, "Ruwa yakan yi ta a awa ɗaya da kwata." Mai tambaya ya je ya yi lissafinsa.

Ranar Asabar mutanen birni sukan zo da riguna masu ɗaukar ido da agoguna masu magana. Da farko ɓacewa suke yi, su faɗa gonar mutane, a yi ta cacar baki. Daga baya suka gane akwai wani tsoho da in aka bi bayansa ba a ɓata. Haka ya zama jagoransu ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ba ya surutu a hanya. In za a sha kwana, da haɓa yake nunawa.

Cikin turbobin akwai guda da ba ya tsallakewa ko ina ya nufa. Turbar Wanki ake ce mata, don ta nan matan da can suke bi da kwanduna a ka. Uwarsa na cikinsu. Taku ɗari huɗu ce, tsakanin gonar Tofol da ta maƙwabcinsa Batiste Ferrandis, da 'yar magudana a gefenta wadda gonakin biyu ke sha daga cikinta. Ita kaɗai ta haɗa turbobin gari da na bakin teku. In babu ita, sai mutum ya hau kwalta ya jera da manyan motocin da ke kwasar kaya zuwa tashar jiragen ruwa. Tsofaffi sun ce a da amalanke yana wucewa ta cikinta. Yanzu mutum biyu ba sa jerawa. Ba wanda ya sace ta. Garma ce kawai, duk shekara in an zo juyawa a bakin gona, takan ɗan lashi taƙi guda.

A hunturun wannan shekarar majalisar gari ta ce za ta sabunta taswirar hanyoyi. Turbar da aka nuna jama'a na amfani da ita za ta shiga rajista, ta zama ta kowa. Wadda ba a nuna ba, a bar wa masu gonakin gefenta. Tofol ya je ofis ya ce shi kullum yana bin ta. Magatakarda ya ce mutum ɗaya ba jama'a ba ne, balle mai gona a bakinta.

Daga nan ya wuce kantin magani wurin Neus, shugabar ƙungiyar 'yan gudu, wadda ke shirya tseren bikin gari duk watan Agusta. Shekara da shekaru tseren kwalta yake bi.

"Kawu Tofol, mutum ɗari uku ne fa," in ji ta. "A wannan siririyar? Ai sai su jeru kamar tururuwa."

"Su jeru. A kilomita na bakwai take. Kafin nan sun warwatse."

Ta kira magatakarda a waya, ta daɗe tana sauraro, sannan ta ajiye.

"Ya ce zai zo da kujerarsa ya zauna a bakinta. In duk mai lambar tsere ya bi ta, daga na farko har na ƙarshe, zai rubuta ta. Amma ka ji nawa sharaɗin. In na zo da safe na tarar da taɓo, kwalta zan mayar da su. Ba zan kai mutane su karya ƙafa ba."

"Ba za ki tarar ba. Wace rana ce?"

"Lahadi ta biyu."

Ko yatsa bai ɗaga ya ƙirga ba. "Ni Talata nake sha, Batiste Juma'a. Lahadi babu ruwa a wannan reshen. Rubuta."

Neus tana da dalilinta. Tun da turbar ta tsuke, duk wanda ya buɗe ƙofarsa cikin su biyun sai ruwa ya hau kanta, ta kwana biyu tana caɓi. Shi kuma Batiste ya yarda da ƙyar, da nasa sharaɗin: ƙafa ɗaya ta taka masa kunyar tattasai, zai je majalisa ya shigar da ƙorafi, rajistar ta tsaya.

Tofol ya shafe watanni yana aikin turbar. Ya tsince duwatsu, ya sare ƙaya, ya cike ramin ɓera da baro bakwai na ƙasa. Sama kuwa ta ƙi zubo da komai. A watan Yuli shugabannin magudana suka zauna suka mayar da zagayen ruwa daga kwana bakwai zuwa goma. Ya ji sanarwar kamar kowa, ya yi tsaki kamar kowa, ya koma kan baronsa.

Matarsa Roser ce ta gano. Tana tsaye gaban kalandar da ke bangon kicin, da fensir a hannu, saura kwana tara tsere.

"Tofol, zo ka karanta mini wannan. Idona ya fara tsufa."

Ya zo yana goge hannu. Ta ɗora fensir a kan Alhamis, inda ta rubuta sunansu. Ta matsa gida uku, ta tsaya a kan Lahadi.

"Wane ne ke shan ruwa kwana uku bayanmu?"

Ya bi fensirin da ido.

"Daga takwas zuwa goma na safe," in ji ta. "Mutumin da ya yi shekara talatin yana gaya wa gari ranar ruwansu."

"Da ɗaya."

"Me?"

"Talatin da ɗaya."

"To na gode da gyara. Zauna ka ci abinci."

Bai zauna ba. Ya san inda Batiste yake a wannan lokacin, inda yake kullum in hantsi ya dubi ludayi: gidan gahawa na bakin kasuwa, teburin kusa da ƙofa, da rabin burodi cike da nama, da farantin gyaɗa, da zaitun. Aji ɗaya suka yi a firamare. Batiste ya yi faɗi, Tofol ya yi tsawo, kuma tun lokacin ba su daina auna juna ba.

"Ga ɗan barewa," in ji Batiste. "Yau wa ya biyo ka?"

"Ruwanka ya faɗo ran Lahadi."

"Na sani. Tun watan jiya na sani. Ina jira ne in ga yaushe malamin ruwa zai farga."

"Ka ɗaga zuwa yamma."

"Yamma ta mutanen ƙasa ce, masu gonakin ƙarshen magudana. Kai ka koya mana hakan, har da tara ka taɓa ci na."

"To ka bar shi ya wuce, sau ɗaya."

Batiste ya ajiye burodin. "A Agusta? Tattasai yana fure? Don 'yan birni su zo su yi zufa a bakin gonata? Tofol, uwata ta haifi wawa ɗaya, amma yana Amurka."

Teburin gefe suka yi dariya. Tofol ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki gyaɗa guda ya fasa, bai ci ba.

"Ka san in ba a rubuta turbar ba, shekara biyar ba za ta ƙara ba."

"Kada ka kalle ni haka. Kowa a garin nan cewa yake garmar Batiste ce. Ka je ka tona kunyarka ta farko, za ka tarar da dutsen iyaka a ƙarƙashinta. Ubanka ya ci, kai ma ka ci. Ni dai nawa cin a fili nake yi."

Tofol ya dubi ɓawon gyaɗar. Ya san dutsen. Garmarsa ta taɓa karo da shi wata shekara, ya mayar da ƙasa a kai ya ci gaba da aiki.

"Ɗauki Alhamis ɗina," in ji shi.

"Kai kuma?"

"In ɗauki Lahadinka."

"Ka buɗe ran Lahadi ai turbar ta jiƙe duk ɗaya."

"Ba zan buɗe ba. Sai na ƙarshe ya wuce."

Batiste ya daina tauna. Shi ma manomi ne, ya iya wannan lissafin. Kwana ashirin ke nan aya ba ta ga ruwa ba, a lokacin da take zuba 'ya'ya a ƙasa.

"Roser ta san wannan haukan?"

"Za ta ji."

"Har nan ma za a jiyo muryarta, in ka gaya mata." Ya tura masa farantin zaitun. "Je ka sanar da mai tsaron magudana. Kuma ban janye maganata ba. Ƙafa ɗaya."

Roser ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta goge sunansu daga Alhamis, ta busa ƙurar, ta tambaye shi wa zai tsaya a ƙofar ruwa ran Lahadi tun da shi ya ce zai rufe bayan 'yan tsere, ya raka na ƙarshe. Ya ce bai yi tunanin wannan ba tukuna. Ta ce ta sani.

Ran Alhamis ya tsaya a nasa ɓangaren, hannu a baya, yana kallon ruwansa na shiga tattasan Batiste. Turbar ta jiƙe kamar yadda ta saba. Juma'a ya bi ta da allo yana daddaɓe inda ya yi laushi. Asabar rana ta ƙarasa aikin. Ayarsa kuwa bakin ganyenta ya fara naɗewa daga can ƙarshen gona. Ya bi ta wajen sau ɗaya, bai ƙara ba.

Lahadi Neus ta zo da ƙarfe bakwai, ta taka turbar daga wannan baki zuwa wancan, ta duba ƙasan takalminta, ta gyaɗa kai. Takwas da rabi aka harba rokar biki a dandalin coci, mutum ɗari uku da sha ɗaya suka zuba cikin gonaki.

Tofol yana can baya da 'yar tuta ja a hannu, alamar mai rufe tsere. Kafin kilomita na biyu ya san da wa zai yini. Melcior ne, mahaucin kasuwa, mutum mai nauyin buhu biyu, wanda likita ya ce masa ko ya fara motsi ko ya fara sallama da mutane. Wannan ne tserensa na farko. Rigarsa sabuwa ce, ta riga ta manne masa.

"Kawu Tofol, yi gaba abinka. Zan taho."

"Nan ne wurina."

"Na ji abin da ka yi da ruwanka. Duk kasuwa ta ji. Ni ne nake cinye maka shi yanzu, ko?"

"Rufe baki ka yi numfashi ta hanci."

Suka wuce gonakin albasa da aka riga aka cire, suka wuce gidan da ke da dabino biyu. Melcior yakan yi gudu taku hamsin, ya yi tafiya ɗari. A kilomita na huɗu turba ta haɗu da babbar magudana, suka jera da ita. Ruwan yana tafe a hankali, launin ƙasa, ɗauke da 'yan ganye. Tofol bai buƙaci a gaya masa ba. Wannan ruwan ya biyo ta reshensu ya wuce ƙofarsa a rufe, yana neman mutanen ƙasa. Ya san sautinsa in ya cika, kuma yau a cike yake. Ƙafafunsa suka ƙara sauri da kansu. Sai da ya ji hakin Melcior ya yi nisa a bayansa sannan ya dawo.

Ƙararrawar coci ta buga tara da rabi suna kilomita na biyar da wani abu. A mararrabar da turba ta kusanci kwalta, Melcior ya tsaya ya dafa gwiwa.

"Mu hau titi. Ya fi kusa, a miƙe yake. Ka aika a gaya wa matarka ta buɗe. Wa zai sani?"

"Magatakarda yana riƙe da takarda. Lambarka yake jira."

"To a ce na faɗi."

"Ka faɗi?"

Melcior ya ɗago ya dube shi. "Matata ta gaya wa kowa a motar asibiti za a dawo da ni. Har da ƙanwarta ta gayyato su kalla."

"To ka ga."

"Da ƙafata zan shiga dandalin nan, ko da rarrafe."

"Ta Turbar Wanki."

"Kai mugun tsoho ne, wallahi."

"Daga nan zuwa waccan bishiyar ɓauren za ka yi gudu. Daga can ka yi tafiya zuwa ƙofar ruwa mai fenti. Kada ka dubi gaba da hakan."

Haka ya dinga yanka masa hanyar gunduwa-gunduwa, daga bishiya zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa rumfar tumatir. Bai sake ce masa ya yi sauri ba.

Da suka shawo kwanar ƙarshe, Tofol ya hango su duka uku. Roser a bakin ƙofar ruwansu, da tsohon wandonsa da fartanya. Batiste a tsakiyar tattasansa, ya harɗe hannu a ƙirji. Can ɗaya bakin, magatakarda a ƙarƙashin laima. Turbar ta yi fari fat da ƙura, sawu a kan sawu. Mutum ɗari uku da goma sun bi ta, kunyar Batiste tana nan lafiya.

Melcior ya shiga yana tangaɗi. Ga mai lafiya turbar ta isa, amma shi ƙafafunsa sun daina jin magana, jikinsa yana rinjaya zuwa dama, ɓangaren tattasai. Batiste ya sauke hannu ya matso. Tofol ya soke tutar a bayan wando, ya sauka hagu cikin ayarsa, ya kama damtsen mahaucin da hannu biyu ya jawo shi jikinsa. Nauyin ya sauko masa a kafaɗa. Haka suka tafi, Melcior a kan turba, Tofol a cikin kunya, busasshen ganye yana karyewa a ƙarƙashin takalminsa.

"Kana taka amfaninka," in ji Melcior.

"Nawa ne. Dubi ƙasa."

"Ɗan barewa, riƙe shi da kyau," in ji Batiste daga gefe. "In ya faɗo mini, da shi zan yi taki."

"Ka zo shago gobe ka ga irin naman da zan yanka maka," in ji Melcior, da ɗan sauran numfashinsa.

Taku ɗari huɗu ne, amma sun daɗe a cikinsu. Magatakarda ya leƙa lambar da ke ƙirjin Melcior, ya ja layi a takarda, ya dubi agogo. Goma saura minti tara. A bayansu Tofol ya ji ƙarar katako yana fita daga mazauninsa, sannan wannan gurnanin da ruwa ke yi in ya samu busasshiyar ƙasa. Ya ɗan rage tafiya. Melcior ya ce masa ya koma, shi zai iya. Tofol ya zaro tutar ya nuna masa rumfar da ke gaba.

Suna kilomita na takwas ƙararrawa ta buga goma. Bai waiwaya ba. Ya san mutumin ƙasa yana tsaye da tasa fartanyar tun ɗazu, ya kuma san Roser ba za ta jira a yi mata magana ba, za ta mayar da katako.

Sun shiga dandali an riga an kwance rabin igiyoyin, ana hura wuta a ƙarƙashin manyan kasaken shinkafa. Matar Melcior ta rungume shi tana zaginsa. Neus ta kutso cikin mutane ta kama hannun Tofol.

"Magatakarda ya sa hannu, Kawu. A gabana. Ranar Talata za ta shiga rajista."

"To."

"To kawai? Zauna mana, akwai zomo a shinkafar."

Ya sha ruwa kofi biyu, ya miƙa mata tutar, ya fita ta bayan coci.

Roser tana zaune a gefen magudana, ta cire takalma, ƙafafunta duk taɓo. Katakon yana mazauninsa. Tofol ya bi gefen gonar yana ƙirga kunyoyin da suka yi duhu. Shida. Ta bakwai ruwa ya shiga rabinta ya tsaya. Sauran talatin da uku suna nan yadda ya bar su, ban da ta bakin turba da ya tattake. Ya tsuguna can ƙasa, ya tura yatsa ya tono gindi ɗaya, ya murza 'ya'yan a tafinsa. Ya daɗe yana dubansu kafin ya mayar.

"An rubuta?" in ji Roser.

"An rubuta."

Ta matsa ta ba shi wuri. Ya zauna ya kwance igiyar takalmi.

"Saura kwana bakwai," in ji ta. "Za ta kai?"

"Ta sama za ta kai. Ta ƙasa, gobe zan fara jido mata da jarka daga rijiyar gida."

"Kunya talatin, da jarka."

"Gwargwadon abin da na iya."

Ta dube shi, ta dubi gonar.

"Jarka biyu ce a gidan," in ji ta. "Ɗaya tana yoyo. Ka liƙe ta yau."